Wa ke rufe himoglobin ɗin jarirai a jikin masu sikila?

Nas Rukayya: Salam jama'a barkanmu da dare. Tambaya gare ni musamman ga Malam Auwal da Dakta Hadiza. Kullum iyaye suna tambayarmu wai in dai sikila gado ce tun a ciki yaro yake ɗauke da ita, to me ya sa ake haihuwar jariri SS lafiyarsa ƙalau ya yi wata huɗu wata biyar ba komai sai ya doshi wata shida a fara ganin kumburin hannu da ƙafa da kuka ba dare ba rana? Ni abin da na sani shi ne himoglobin F, wato sinadarin jan jini mai ɗaukar iskar oksijin irin na jarirai, ke kare shi, to amma me ke sa F ɗin ya tafi? lalacewa yake yi ko jiki ne ke daina yin sa, in kuma dainawa ne wa ya ce masa ya daina?

Sadiq Lab: Wslm Anti. Mu ma a lab muna gani, jinin jariri sabuwar haihuwa yawancinsa F ne wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100, babban mutum mai AA kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Amma dalilin sauyawar sai dai Malam

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Rukayya abin da kika tambaya wata likitar yara Janet Watson ta lura da shi a Brooklyn ta Amurka tun 1948, ta ga jinin jarirai ba ya lanƙwashewa kamar na iyayensu mata ta ce lallai F ne dalili, kuma ta yi daidai domin F ba ya shiga cikin wannan sandarewar da himoglobin S na masu sikila ke yi idan iskar oksijin ta yi ƙasa, hana ta ma yake yi. To abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne ƙwayar gadon da ke yin F, wadda ake ce wa gamma, ba ta zuwa ko'ina. Tana nan a jikin ki tana nan a jikina tana nan a jikin kowane mai sikila har ya mutu, a kan kiromosom na 11, jere da 'yan uwanta: efsilon ta farkon ciki, sai gamma guda biyu, sai delta, sai beta ta manya wadda a cikinta ne matsalar S take. Rufe ta kawai ake yi a daina karanta ta.

Yadda ake rufewar kuma sai kin fara sanin yadda DNA yake zaune. Kowane sel ɗaya DNA ɗin cikinsa in aka miƙe shi ya kai kusan mita 2, kuma dole ya shiga cikin cibiyar sel ɗin da ido ba ya gani, to sai aka naɗe shi kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a jikin ƙwarƙwaro, ƙwarƙwaron nan wasu furotin ne guda 8 da ake kira histon, kowane naɗi ɗaya yana ɗaukar haruffan DNA 147. Wannan haɗin na DNA da histon shi ne kiromatin. Inda naɗin ya matse injin karatu, wato abin da ke karanta ƙwayar gado don a yi furotin ɗinta, ba ya iya shiga, inda ya saki a nan ake karantawa. Masu yanke hukuncin ina za a sassauta ina za a matse su ne furotin ɗin da muke kira tiranskirifshin fakto, suna gane wasu 'yan haruffa su zauna a kai sannan su kira masu aikin.

Ummu Faruk: Malam a yi haƙuri ni ban yi sayans ba, yaya aka yi aka san wani wuri a buɗe yake wani a rufe alhali ba a gani?

Malam Auwal: Tambaya mai kyau Hajiya. Da jinin kaza aka fara ganewa, domin tsuntsaye jajayen sel ɗinsu suna riƙe cibiyarsu, namu kuwa suna zubar da ita. A 1976 Harold Weintraub da Mark Groudine suka ɗauki cibiyoyin jan jinin kaza suka zuba musu wani inzayim, wato furotin mai yanka DNA, amma ɗan kaɗan, sai suka ga wurin ƙwayar gadon globin mai yin himoglobin ya yanku nan da nan, da suka yi haka da cibiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa wurin bai yanku ba duk da haruffan iri ɗaya ne sak. Ma'ana a jini wurin a sake yake inzayim ya samu hanya, a ƙwaƙwalwa a ƙudundune yake. Har yau yawancin sabbin hanyoyin da ake auna buɗewar kiromatin kan wannan dabarar suka ginu

Ummu Faruk: Ikon Allah. Na gane yanzu, Allah ya ƙara basira

Malam Auwal: Amin. To a jan jini babban mai faɗa a ji shi ne GATA1, an gano ƙwayar gadonsa a 1989, ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston da na Gary Felsenfeld. Sunansa daga haruffan da yake zama a kai ne G-A-T-A. Ɓeran da aka cire wa shi a ciki yake mutuwa saboda rashin jini, sel ɗin suna farawa su tsaya a hanya su mutu. Tun sel yana ƙarami ɗan uwansa GATA2 ne ke zaune a wuraren yana sa sel ya yi ta hayayyafa, da lokacin girma ya zo sai GATA1 ya karɓi waɗannan kujerun tare da abokinsa FOG1, ya kashe GATA2 ɗin ya kunna na jan jini, wato furotin ɗaya yana kunnawa a nan yana kashewa a can, ya danganta da waɗanda ya kira suka taya shi. Na biyu KLF1 wanda James Bieker ya gano a 1993, shi kuma yana zama a bakin beta ya jawo wani inji mai amfani da ƙarfin ATP, makamashin sel, yana ture histon gefe don hanya ta buɗe. Sannan can baya da nisan haruffa wajen dubu 50 daga beta akwai wani yanki LCR, shi ne mai ba da ƙarfi, ba ya yin furotin ko ɗaya amma duk ƙwayar gadon da ya taɓa ita ce za ta yi aiki sosai, kuma taɓawar ta zahiri ce, DNA ne ke lanƙwasowa LCR ya zo ya haɗu da ita abin da ke tsakani ya yi waje. A ciki da gamma yake haɗuwa, bayan haihuwa sai ya koma kan beta. Amsar tambayarki kenan a taƙaice Rukayya.

Baban Ilham: Malam ranka ya daɗe da girmamawa nake magana amma ni fa wannan bayanin ban ga me zai ƙara mana ba. 'Yata SS ce, abin da ke gabana shi ne in ciwon ya tashi da tsakar dare ina zan samu jini wa zai ba mu gado nawa ne kuɗin magani wannan watan, ruwan da ya dake ka ai shi ne ruwa. Ana cewa a Najeriya ake haihuwar yara wajen 150,000 da sikila duk shekara, da yawa ba sa kai shekara biyar, ba don an kasa gane GATA1 suke mutuwa ba, zazzaɓin sauro ne da ciwon huhu da rashin jini da rashin kuɗi. Turawa su yi ta bincikensu a kan kaza da ɓera mu dai a ba mu asibiti mai aiki

Ummu Faruk: Allah ya ba Ilham lafiya. Wlh maganarsa akwai gaskiya a ciki

Dakta Hadiza: Amin. Baban Ilham ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, a gabana ake rasa yaran nan kuma yawanci abin da ya kashe su abu ne da ake iya karewa da fenisilin da rigakafi da gidan sauro da jini a kan lokaci. Amma ina so in tambaye ka Ilham tana shan haidroksiyuriya?

Baban Ilham: Tana sha Dakta, kuma gaskiya tunda ta fara kwanciya asibiti ta ragu sosai Alhamdulillah

Dakta Hadiza: Masha Allah. To wannan maganin da ke hannunka daga cikin wannan maganar ta Malam ya fito. A 1982 Joseph DeSimone a Chicago ya ba birai wani magani 5-azasaitidin, dalilinsa shi ne an lura gamma a jikin manya tana ɗauke da wata alama ta sinadari da ake kira metil a kan DNA wadda ke tafiya da rufewa, maganin kuma yana hana saka alamar, sai ga F ya tashi sosai. Daga nan gardama ta tashi tsakanin masana, wasu suka ce cire alamar ne ya yi aikin wasu suka ce a'a maganin dai yana takura wa bargo ne ya sa shi yin jini cikin gaggawa, don a raba gardamar sai aka nemo maganin da ke takura bargo amma ba ruwansa da metil, shi ne haidroksiyuriya, Orah Platt da abokan aikinta suka gwada a 1984 F ya tashi. A 1995 aka dakatar da babban gwajin da ake yi a Amurka kafin lokacinsa saboda an ga tashin ciwo ya ragu kusan rabi ba adalci ba ne a ci gaba da hana sauran marasa lafiyar da ke cikin gwajin maganin, a 1998 aka amince da shi. Kuma mu ma an yi namu a nan, gwajin SPRING da aka yi a Kano da Kaduna, asibitin koyarwa na Aminu Kano yana ciki, tare da Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt, an ba yaran da awon jijiyar kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wasu miligiram 10 kan kowane kilo wasu 20, sakamakon ya fito a 2022. Duk wannan da ba a tsaya an tambayi me ke rufe gamma ba da ba a zo nan ba.

Baban Ilham: Toh wannan ban sani ba. Amma duk da haka Dakta shekara nawa tsakanin 1982 da lokacin da maganin ya iso hannun talaka a Kano? Wannan shi ne zafina

Dakta Hadiza: Zafin nan muna tare da kai a kansa, har yanzu ma bai isa hannun mafi yawa ba

Jamila: Salam. Malam ina da ja a kan wani wuri in an ba ni dama, ina karatun digiri na biyu a wannan ɓangaren ne. Yadda ka kawo shi kamar fakto ne ke zuwa ya buɗe kiromatin shi kenan, amma ai haruffan GATA suna nan birjik a DNA sau miliyoyi kuma GATA1 ƙalilan daga ciki yake zama, yawanci inda dama wurin ya ɗan buɗe ko GATA2 ya riga shi zama, to wa ya buɗe wa wa? Na biyu maganar LCR, an ce shi ke buɗe yankin gaba ɗaya saboda marasa lafiyar talasimiya, wani ciwon rashin jini na gado, da suka rasa shi beta ɗinsu lafiya lau amma a rufe, to amma da aka cire LCR a ɓera a ɗakin binciken Groudine ɗin nan dai, kiromatin ɗin bai rufe ba a buɗe ya zauna karatun ne kawai ya faɗi ƙasa warwas. Kenan buɗewa daban ƙarfin karatu daban. Kuma ita lanƙwasar ma me zai hana a ce sakamako ce, wato in ƙwayar gado tana aiki sai a gan ta kusa da LCR ba wai kusancin ne ya sa ta aiki ba?

Malam Auwal: Jamila madalla, ja irin wannan shi ake so. Ta biyun na yarda da ke ɗari bisa ɗari, buɗewa sharaɗi ce amma ba ta isa ba, kuma sakamakon ɓeran ya nuna babban aikin LCR ƙara ƙarfin karatu ne. Ta farkon kuma abu biyun ne ke taimakon juna, fakto ɗaya ba ya iyawa shi kaɗai, inda GATA1 yake zama da gaske za ki tarar wasu furotin TAL1 da LMO2 da LDB1 suna wurin sau da yawa KLF1 ma yana kusa, taron ne ke rinjayar histon. Amma ta ukun akwai amsa a kai kuma gwajin yana daga cikin waɗanda suka fi burge ni. Ɗakin binciken Gerd Blobel a Philadelphia a 2012 suka ɗauki sel ɗin ɓera da ba su da GATA1 sam, a cikinsu babu lanƙwasa kuma beta kusan shiru take, sai suka ƙera wani furotin mai manne wa bakin beta suka ɗaura masa LDB1 mai jawo LCR, wato suka tilasta lanƙwasar da hannu ba tare da GATA1 ba, sai ga beta ta fara aiki. Da suka yi a sel ɗin da aka cire wa LCR kuwa ba abin da ya faru. A 2014 suka maimaita da sel ɗin babban mutum amma suka ɗaura a bakin gamma, LCR ya juyo kanta gamma ta tashi beta ta sauka. In lanƙwasa sakamako ce kawai da tilasta ta ba zai kunna komai ba.

Jamila: Na karɓi wannan Malam. Amma dai ban yarda a ce lanƙwasa ce kaɗai ba tunda ko a gwajin 2012 ɗin beta ba ta kai ƙarfin da take yi in GATA1 yana nan ba

Malam Auwal: Haka ne ba ta kai ba, GATA1 yana da sauran aiki bayan lanƙwasar, shi ke taimaka wa injin karatu ya wuce gaba bayan ya fara

Nas Rukayya: Malam har yanzu fa ba a faɗa min wanda ya rufe gamman ba 🙏 an ce LCR ya bar ta ya koma beta, wa ya kore shi?

Dakta Hadiza: Bari in karɓi wannan. Sunansa BCL11A kuma an daɗe ana nema ba a samu ba, ba ta hanyar ɓera aka fara kama shi ba ta hanyar mutane ne. A 2007 Swee Lay Thein da abokan aikinta a Landan suka auna mutane masu F da yawa da masu F kaɗan suka duba ina DNA ɗinsu ya bambanta, sai alama ta fito a kiromosom na 2 a kan wata ƙwayar gado da a lokacin galibi masu binciken kansar jini ne suka san ta. A 2008 Vijay Sankaran da Orkin suka rage ta a sel ɗin jan jini na manya F ya tashi. Shi BCL11A zama yake yi a bakin gamma wajen haruffa 115 kafin farkonta ya kira wani gungu NuRD wanda ke cire wata alama ta sinadari mai suna asetil daga histon ya matse naɗin, akwai kuma na biyu LRF da aka gano a 2016 yana zama a wajen haruffa 200 kafin farkonta. Abin da zai ba ki mamaki akwai iyalai da aka daɗe da sani waɗanda F ɗinsu ba ya sauka har tsufa kuma lafiyarsu ƙalau, da aka duba a 2018 sai aka ga wasunsu harafi ɗaya ne ya canza daidai wurin da waɗannan biyun ke zama, ba su samu wurin zama ba gamma ta ci gaba da aiki. Wanda ya gaji S daga ɓangare ɗaya ya gaji irin wannan dawwamar F ɗin mai ƙarfi daga ɗaya ɓangaren yawanci ba ya ma ciwo. Kuma KLF1 ɗin da Malam ya ambata shi ke kunna BCL11A, an gane haka a 2010 har da wani dangi a tsibirin Malta, wato da hannu ɗaya yana buɗe beta da ɗayan yana tayar da mai rufe gamma

Musa Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari, ina biye daga Yamai. Dakta shi ya sa kenan ake cewa sikilar wasu ƙasashe ta fi sauƙi? wani malaminmu ya ce ta gabashin Saudiyya da Indiya ba ta kai tamu zafi ba

Dakta Hadiza: Eh Musa. Harafin S ɗin ɗaya ne a ko'ina amma abin da ke kewaye da shi a kiromosom ɗin ya bambanta, an kasa shi biyar: Benin, Bantu, Senegal, Kamaru da na Larabawa da Indiya. Na Larabawa da Indiya da na Senegal F ɗinsu ya fi yawa, mu a Najeriya mafi yawa Benin ne mai F kaɗan. Amma kar a ɗauka sauƙi na nufin ba ciwo, su ma suna shan wahala musamman in sun girma F ya ragu. Kuma ko a cikinmu za ka ga 'yan uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya duk SS ɗaya kullum yana asibiti ɗaya sai jefi-jefi, sau da yawa in ka auna F za ka ga bambanci

Sadiq Lab: Wannan gaskiya ne, sai dai a sani gwajin jinin elektroforesis ɗin da ake yi a yawancin wurare ba ya ba da adadin F daidai, sai injin HPLC. Duk wanda ke shan haidroksiyuriya in da hali ya riƙa yin sa lokaci-lokaci tare da cikakken awon jini

Baban Ilham: To in an san mai rufewar me ya hana a kashe shi kowa ya huta?

Malam Auwal: An yi a ɓera a 2011, aka cire BCL11A a jan jinin ɓeraye masu sikila suka warke. Matsalar ita ce jiki yana buƙatarsa a wasu wuraren, fararen sel ɗin B masu yin garkuwa ba sa samuwa in babu shi, ƙwaƙwalwa ma tana buƙata, yaran da aka haifa kwafi ɗaya ya lalace F ɗinsu yana da yawa amma suna da naƙasar fahimta. A nan ne ilimin kiromatin ya yi rana. Daniel Bauer a 2013 ya duba da irin dabarar kazar nan ya ga a tsakiyar BCL11A akwai wasu wurare uku da suke a buɗe a jan jini kaɗai, a ƙwaƙwalwa da sel ɗin B a rufe suke, wato inhansa ce, yankin DNA mai ƙara wa ƙwayar gado ƙarfin aiki, ta jan jini zalla. A 2015 aka bi ta da CRISPR, almakashin yanka DNA a inda ake so, ana yanka gaɓa-gaɓa har aka gano inda ya fi muhimmanci, 'yan haruffa ne da GATA1 ke zama a kai a wurin da ake kira +58. Ka lalata wannan kujerar kawai, GATA1 ya rasa wurin zama, BCL11A ya yi ƙasa a jan jini kaɗai sauran jiki bai sani ba, gamma ta buɗe LCR ya dawo kanta. Abin da maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy yake yi kenan ba ƙari ba ragi, ko taɓa harafin S ba ya yi. Victoria Gray 'yar Mississippi ita aka fara yi wa cikin masu sikila a 2019, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023 Amurka a Disamba, a cikin mutum 31 da aka bi 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba mummunan tashin ciwo.

Ummu Faruk: Allahu Akbar. Nawa ne Malam?

Malam Auwal: Dala miliyan 2.2 aka sa masa a Amurka a 2023 Hajiya

Baban Ilham: To kun gani ai. Maganata ta dawo. Jininmu ne ciwonmu ne amma maganin na wasu ne

Dakta Hadiza: Kuma ba kuɗin kaɗai ba ne, gara a faɗi gaskiya don kar mutane su ɗauka allura ce. Sai an yi watanni ana ƙarin jini, a tatso sel ɗin bargo wani lokaci fiye da sau ɗaya, a kai su a gyara, sannan a ba mutum wani magani mai ƙarfi busulfan ya kashe bargonsa na da gaba ɗaya, ya yi makonni a ɗaki na musamman ba garkuwar jiki baki ya yi gyambo gashi ya zube, sai wurin da ke iya dashen bargo ne zai iya. Mu a Najeriya an fara dashen bargo a asibitin koyarwa na Benin a 2011 amma wuraren da ke yi har yau ba su taka kara sun karya ba. Inda na saɓa da kai Baban Ilham shi ne ni abin da Casgevy ya tabbatar ya fi Casgevy ɗin kansa daraja a wurina, ya nuna a jikin mutum cewa in ka sassauta wannan wuri ɗaya ciwon yana kwanciya, to yanzu masu haɗa magani sun san inda za su nufa da ƙwayar da za a haɗiya, ko BCL11A ko NuRD ko alamar metil ɗin nan, kuma ana kan gwada irinsu. Ƙwayar sha ce za ta iso Maraɗi da Gusau ba dashe ba

Jamila: Sai dai Dakta wahalar ita ce NuRD kusan kowane sel yana amfani da shi, ƙwayar da za ta taɓa shi a jan jini ta bar sauran ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa inhansar ta fi sauƙin nufa. Ni abin da ke damuna ma daban ne, yawancin taswirar kiromatin ɗin da muke karantawa daga sel ɗin mutanen waje aka yi ta, mu da muke da mafi yawan masu ciwon nan a duniya nawa ne daga cikin yaranmu aka ma san adadin F ɗinsu balle a duba me ya sa na wani ya fi na wani

Baban Ilham: Wannan kam in za a yi ni ne na farko da zan kawo Ilham, amma a yi mana bayani da Hausa kuma a dawo mana da sakamako, ba a ɗebi jini a tafi ba

Musa Maraɗi: Tambaya ta ƙarshe daga ni don Allah. Wanda aka yi wa wannan gyaran ya zama AA kenan? zai iya auren AS?

Dakta Hadiza: A'a Musa, wannan a kiyaye shi sosai. SS yake har yanzu, jininsa yana yin S kamar da sai dai F ya kai kashi 40 ko fiye a kusan kowane sel shi ya hana sandarewar. Kuma sel ɗin bargo kaɗai aka gyara ba a taɓa maniyyi ko ƙwan mace ba, duk ɗan da ya haifa sai ya ba shi S, in ya auri AS kowane ciki rabi da rabi ne yaron ya zo SS kuma yaron ba zai gaji gyaran ba, nasa BCL11A ɗin zai rufe gamma a watannin farko kamar kowa. Ga kuma busulfan da ke iya hana haihuwar ma gaba ɗaya shi ya sa ake ajiye ƙwai ko maniyyi kafin a fara. Gwajin jini kafin aure da Kano ta mayar doka a 2024 yana kansa kamar yadda yake kan kowa, a yi shi a wuri mai inganci in sakamako ya zo da shakka a sake a wani wurin

Sadiq Lab: Kuma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya jira kamar wata uku kafin ya yi gwajin, in ba haka ba jinin da aka ƙara masa zai sa SS ya fito kamar AS